Goron Shaidu da Keken Kawu Garuba

Ni Suraj ɗan Mma Sala ba na yabon mutum a banza, balle Lariya. Uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, don haka abokiyar wasata ce, kuma a ƙa'ida baiwata ce. Ita kuwa cewa take ni ne bawan, har yau dattawan gidanmu ba su yanke wannan shari'a ba. To in kun ji na ɗauki biro ina rubuta labarinta, ku tabbata abin da na gani ne ya fi ƙarfin bakina.

An haife ta a nan Zongon Kumasi, a gidan kakanmu Maigida Bawah. Tsofaffi sun ce ranar da ta faɗo duniya ba ta yi kuka ba sai da ta ƙare wa ungozoma kallo daga ɗankwali har silifa, ta tabbatar ba a musanya ta ba. Ban ga wannan da idona ba, amma wanda ya san Lariya ba zai yi musu ba. Kanta kuwa tun a lokacin ya kai kwatankwacin tukunyar biki.

Kakan namu mai masaukin fataken goro ne. Baƙi daga arewa su sauka a zaurensa, shi ya haɗa su da masu kaya, shi ya tsaya a kan ciniki. Yana da wata al'ada da duk Zongo ta sani: kaya ba sa fita daga zaurensa sai an cire wani abu daga cikin kuɗin cinikin, kuɗin nan dai ba wani ba, an sayo goro an raba wa waɗanda suka shaida. Sai an tauna, an yi fatiha, sannan a ɗaga kaya. Goron shaidu ke nan. Mu yara a lokacin mun ɗauka don daɗin baki ake yi. Lariya ce kaɗai take zama a gindin ƙofa tana kallo, hanci na zuba, ba ta ko ƙifta ido.

Makarantar boko ba ta riƙe ta ba. Ni dai na kai aji biyu na sakandare kafin ni da malaman muka fahimci juna muka rabu lafiya. Ita ko firamare ba ta gama ba ta bi uwarta wurin tukunya. Yau in ka bi ta Dichemso da hantsi ka ga layi ya miƙe kamar ana rabon kujerar Makka, to teburin Lariya ne. Waakye take sayarwa, shinkafa da waken nan ja, da shito, soyayyen yajin nan baƙi, da taliya, da ganda mai laushi kamar alkawarin saurayi. Na taɓa ganin direban da ya tsayar da mota cike da fasinja ya shiga layi, fasinjojin suka yi ta zaginsa, da ƙamshi ya kai musu su ma suka sauko.

Amma ba waakye ya sa na zauna rubutu ba.

Tun da kasuwa ta koma cikin waya, kowa ya ɗauki hoton kayansa ya saka a shafin talla, mutanenmu suka shiga uku. Wannan ya tura kuɗin firiji, firiji bai zo ba. Wancan ya biya kuɗin ganin ɗaki, ya je ya tarar da filin ƙwallo. Ban san ranar da abin ya fara ba, sai dai na lura mutane suna miƙa wa Lariya kwano da hannu ɗaya, waya da ɗaya hannun. Ita ba ta iya karanta dogon Turanci ba. Hoton za ta duba, ta ce a karanta mata abin da mai kayan ya rubuta, ta ci gaba da zuba shito tana saurare.

Wata rana Rafi'atu mai kitso ta kawo hoton ɗaki a Buokrom, fes, ga tayil, ga fanka, kuɗin haya kamar kyauta. Mai ɗakin ya ce mutane sun yi yawa a kai, ta turo wani abu ta momo, asusun kuɗi na waya, ya riƙe mata kafin ta zo gani. Lariya ta ce, "Ce masa ya ɗora goro ɗaya a kan tagar nan, ya sake ɗauko hoton ya turo."

Rafi'atu ta ce, "Goro kuma, Yaya Lariya?"

"In ɗakinsa ne, goro ba zai gagare shi ba."

Mutumin ya ce yana tafiya. Daga baya ya ce makullin na hannun ƙanensa. Daga baya ya ce ita ba ta da tarbiyya. Har yau goro bai hau taga ba. Akwai kuma wani soja da yake sayar da firiji da araha don wai an mayar da shi Tamale, gobe zai tashi. Da aka karanta wa Lariya ta ce, "Wannan sojan tun ina goyon Faridatu ake mayar da shi Tamale. Yarinya ta fara haddar Amma, shi ko Kintampo, rabin hanya, bai isa ba."

Haka take. Ba ta taɓa cewa wane ɓarawo ne. Wani ɗan ƙaramin aiki za ta ba ka, wanda mai gaskiya zai yi yana dariya, ta koma kan tukunyarta ta bar ka da shi.

To sai abin ya zo gidanmu.

Ubanta, Kawu Garuba, tela ne mai aikin wuyan riga. Rabin manyan rigunan da ake taƙama da su ranar idi a Zongo daga ƙarƙashin allurarsa suka fito. Yana da keken aiki baƙi, mai nauyin saniya, wanda ya girme ni. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani a hankali. Da farko zare yake ba ni in zura masa, daga baya ya fara gaishe da ginshiƙin zaure yana tsammanin wani malami ne. Likita ya ce za a iya cire yanar, ya sa rana, ya ce a zo da kuɗin aiki. Kawu kuwa mutum ne da bai yarda a yi masa karo-karo ba. Lariya ta kawo nata, ya mayar mata, ya ce bai haifi 'ya don ta sayar da tukunyarta a kansa ba. Ya ce a sayar da keken. Shi ke nan abin da ya mallaka a duniya da za a iya ɗagawa. In keken ya tafi kuɗi suka zo, Kawu zai ga rana. In ya tafi kuɗi ba su zo ba, ba keke, ba ido.

Ni na ɗauki hoton, kuma wallahi hoto ne. Na goge keken da man gyaɗa har yana ɗaukar ido, na jingina shi da bangon zaure a ƙarƙashin tsohon allon shagon Kawu, na saka a shafin da lambar wayarsa.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Murya mai sanyi, sallama cikakkiya har da wa barakatuhu. Ya ce shi Alhaji Mukhtari ne daga Techiman, yana da shagon ɗinki, yara na koyo a ƙarƙashinsa. Ya ce, "Ashe gidan Maigida Bawah na kira? Allahu akbar! Allah ya jiƙan maza. Ai mu a kan sunan nan muka tashi." Kawu ya gyara zama. Ya faɗi kuɗin keken. Alhaji ya ce ya saya. Haka kawai. Har ya ce zai ɗora wani abu a kai saboda darajar gidan.

Da yamma Lariya ta zo da tuwon Kawu, na ba ta labari ina murna. Ta ajiye kwanon a hankali.

Ta ce, "Bai taya ba?"

Na ce, "Mutum mai arziki ne, Uwar Kai. Ba kowa ne irinki ba, da za ki taya allura sai mai ita ya yi kuka."

"Ɗan Zongo, tela, ya ji kuɗin keke bai ce a rage ba? Bai tambayi ko yana tsallake zare ba? Nuna mini hoton da ka saka, Bawa."

Na nuna mata. Ta sa ɗan yatsanta mai ƙamshin shito a saman hoton. "Mene ne a rubuce a allon nan?"

Na karanta: Garuba Tela, Gidan Maigida Bawah.

Ta ce, "To ban da abin da ke allon nan, me ya faɗa game da kakanmu?"

Na lalube duk abin da ya faɗa. Gaskiya babu.

Ta shiga wurin ubanta ta durƙusa, ta faɗa masa a hankali. Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Lariya, mutum ya yi mini sallama, ya yi wa ubana addu'a. Na ce masa na sallama. Maganata ta fita. Ke a wurin tukunyarki kowa ɓarawo ne, ni ba haka aka rene ni ba." Ta ce to, Baba. Ta tashi. Ni na san wannan "to" ɗin. Tun muna yara in ta yi shi, wani zai kwana da ciwon kai.

Alhaji ya ce zai zo ranar Juma'a kafin masallaci, don yana son ya koma Techiman da wuri. Ran nan Lariya ba ta fita Dichemso ba. Layin nan duka ta bar shi, ta ɗora tukunya a tsakar gidan ubanta. Na ce mata yau mutanen Dichemso za su yi azumin dole. Ba ta kula ni ba.

Ya iso rana ta ɗaga. Jama'a, na ga Alhazai a rayuwata, amma wannan kamar yanzu aka sauke shi daga jirgi. Farar riga tana ƙara, carbi har gwiwa, turare ya riga shi shigowa lungu. Ya zo da aboboya, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wani dattijon Asante mai suna Wofa Yaw yana tuƙawa. Alhaji ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Kawu, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Keken kuwa ko kallon kirki bai yi masa ba. Bai taka ba, bai juya ba, bai nemi ƙyalle ya gwada ba.

Ya danna wayarsa, ya ce, "Baba, na tura." Wayar Kawu ta yi ƙara a aljihu. Irin mai maɓallan nan ce. Ya miƙo mini na karanta da ƙarfi: an karɓi kuɗi kaza daga Mukhtari, har da ƙarin da ya yi alkawari. Na ce Allahu akbar. Kawu ya ce, "Allah ya sa albarka. A ɗora masa."

Lariya ta leƙo ta kafaɗata. Ta raɗa mini, "Sauran saƙonnin momo ɗinsa ina suke?" Na nuna mata, duk suna jere wuri guda a ƙarƙashin sunan kamfani. "Wannan fa?" Wannan yana can shi kaɗai, da lambar mutum a kansa, kamar baƙon da bai sami masauki ba. Ba daga kamfani ya fito ba, wani ne ya rubuta shi da hannunsa.

Abin da ya rage mai sauƙi ne: Kawu ya danna lambarsa ta sirri a ga ko kuɗi sun shiga. Na sunkuya na faɗa masa a kunne. Ya ture ni da gwiwar hannu. Ya ce, a hankali amma da zafi, "In duba a gaban baƙo? In ce masa maƙaryaci ke nan a zauren ubana? Kai ba ka da kunya, ni ina da ita." Lambar kuwa shi kaɗai ya san ta. Ko ni da nake karanta masa saƙo bai taɓa bari na gani ba.

Muna tsaye aka kinkimi keken, ni da Wofa Yaw da maƙwabta, aka ɗora a aboboya, aka ɗaure da igiya. Idon Kawu nake ɗaurewa, na sani, kuma ba ni da bakin magana. Alhaji ya fara sallama.

Sai ga Lariya da tire.

Ta durƙusa a gabansa, murya kamar zuma. Ni ban taɓa sanin tana da wannan muryar ba, da ni dai ba ta taɓa amfani da ita ba. "Haba Alhaji. Tun daga Techiman, ka shigo gidan Maigida Bawah, ka fita da yunwa? Kai da ka san gidan nan, ka san ba a taɓa yi ba."

Ya ce, "Hajiya, Allah ya saka, sauri nake."

Kawu ya ce, "A'a Alhaji, wannan kam gaskiyarta. Zauna."

Ya zauna. Na ce a raina, in ɓarawo ne ba zai iya haɗiya ba, yanzu asiri zai tonu. Ina! Mutumin nan ya naɗe hannun riga ya ci waakye kamar wanda aka biya ya ci. Ya yaba shito. Ya nemi ƙarin ganda. Yana ci yana ba Kawu labarin Madina. Na fara tunanin ko mun zalunci bawan Allah. Lariya kuwa kwano na ƙarewa ta sake cikawa. Ta kawo ƙwai. Ta kawo lamurje mai sanyi. Ta kai wa Wofa Yaw nasa a kan aboboya, shi kuwa ya ce medaase, wato ya gode, ya kashe inji ya gyara zama. Duk wannan hidima, na lura kunnenta ɗaya yana waje, wajen bakin lungu.

Da Alhaji ya wanke hannu ya miƙe, sai ta juya wurin ubanta ta sake durƙusawa.

"Baba, an manta da abu ɗaya."

"Mene ne?"

"Goron shaidu. Tun da nake, kaya ba su taɓa fita zauren nan ba a tauna ba. Ga Suraj, ga maƙwabta, duk sun shaida. Kuma keken da ya ciyar da mu ne, ba a yi masa fatiha ba?"

Kawu ya ɗago kai. Na ga fuskarsa ta yi laushi. Ya ce, "Wallahi kin tuna mini. Allah ya jiƙan Maigida."

Alhaji ya yi wuf ya sa hannu a aljihu. "Ai wannan mai sauƙi ne, bari in bayar a sayo."

Lariya ta ce, "Alhaji, kai da ka tashi a kan sunan gidan nan? Ai ka san ba daga aljihun mai saye ake cirewa ba. Daga cikin kuɗin cinikin ne, da hannun mai kaya."

Kawu ya ce, "Haka ne. Haka Maigida yake yi."

Ban san lokacin da ta aika ba, sai ga Hikma mai rumfar momo ta bakin lungu ta shigo da wayarta, tana gaisuwa. Kun gane? Kawu ba duba kuɗi zai yi ba. Sadaka zai fitar, al'adar ubansa zai cika. Babu wanda aka ce wa maƙaryaci. Kuma ni da Lariya mun san asusun nan tun da aka sayi maganin ɗigawa a ido yake a bushe kamar tukunyarta da la'asar. In kuɗin ƙwaryar goro ya fito, to kuɗin Alhaji ne.

Kawu ya ja hannun rigarsa ya rufe wayar, ya lalubi maɓallan ya danna. Zaure ya yi tsit, har ina jin waakye na sauka a cikin Alhaji. Hikma ta dubi wayarta, ta dubi Lariya, ta ce, "Baba, bai fita ba. Wai babu kuɗi a ciki."

Na buɗe baki zan yi ihu. Lariya ta taka mini ƙafa, da wannan ƙafar tata mai faɗin faranti, har yau yatsan bai dawo daidai ba. Ta yi dariya ta ce, "Netuwok ne. Ranar Juma'a shi ma masallaci yake tafiya. A bari a sauko a sake gwadawa. Alhaji, a ƙara lamurje?"

Alhaji ya ce lallai netuwok ne, shi ma yana fama da shi, amma tafiya ce a gabansa, a bar shi ya wuce, kuɗin za su faɗo kafin ya kai Offinso. Ya fita wurin aboboya da sauri yana ce wa Wofa Yaw ya tayar.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

Lungunmu baki ɗaya gare shi, kuma wannan bakin kan titin masallacin Juma'a yake buɗewa. Duk wanda ya tashi a Zongo ya san in liman ya kusa hawa mumbari, masallaci ya cika ya tumbatsa, sahu ya malalo titi, tabarma na bin tabarma har cikin lungu. Ko akuya ba ta ratsawa, balle aboboya da keke a kai. Lokacin da Alhaji ya iso hanya a buɗe take. Kwano na farko, an fara shimfiɗa. Kwano na biyu, titi ya rufe. Kafin a gama maganar goro, sahu ya iso har gindin tayar Wofa Yaw. Abin da kunnenta yake saurare ke nan. Da ganda da ƙwai ta auna huɗuba, jama'a! Ni da na yi aji biyu na sakandare ban taɓa jin an koyar da wannan lissafi ba.

Ta leƙo daga zaure ta ce, "Alhaji, Allah ya nufa da mu za ka yi Juma'a. Ga buta."

Me zai ce? Da farar riga da carbi har gwiwa, ya ce ba ya salla? Ya karɓi buta.

Na riƙe hannun Kawu muka shiga sahu, Alhaji a damana, kafaɗa da kafaɗa, turarensa na shiga mini hanci. Aka tayar. Raka'a ta farko yana nan. Muka yi sujada a ta biyu, ni dai ban ɗaga kai ba, Allah ya gani, iska kawai na ji ta wuce ta gefen kunnena. Da muka zauna tahiya damana babu kowa, sai takalmansa a gaban tabarma. Yadda mutum mai cikin waakye kwano uku ya ratsa sahun Zongo babu wanda ya ji, wannan sai malamai. Takalman ni na gaje su. Su ma jabu ne, ruwan sama ɗaya suka buɗe baki.

Da muka dawo Kawu bai tambayi inda baƙonsa yake ba. Ya tsaya a bakin zaure, ya miƙa hannu ya lalubi aboboya, ya shafa kan keken. Ya ce, "A sauke." Ya shige ɗaki.

Na sami Lariya tana kankare tukunya. Na ce, "Ke Uwar Kai, kin san tun farko, me ya hana ki bari in yi ihu? Da yanzu samari sun koya masa hankali."

Ta ce, "Ranar Juma'a, titi cike da samari, ka ce ɓarawo? Gawa kake so a ɗauka a ƙofar ubana? Ni keke nake so ya tsaya. Kuma da ka yi ihu, Baba ne zai ji kunya a gaban Zongo, ba shi ba. Je ka saka lambarsa a wurin ƙorafin shafin nan, ka cire hoton allon, ka daina tsaya mini a kai kamar bashin safe."

Saura Wofa Yaw. Ashe shi ma a tasha aka ɗauko shi, bai san Alhaji ba, ko kuɗin mai ba a ba shi ba. Ya zauna yana ta faɗa cikin yarensu na Twi yana kiran sunan Allah. Lariya ta sallame shi, ta ƙulla masa waakye na iyali. Yana ɗaure ƙullin a aboboya ya ce, af, akwai wani tela a Oforikrom da yake kai wa kaya, Abdul-Manan, ya daɗe yana neman irin wannan keke.

Abdul-Manan ya zo washegari da ƙyallensa a aljihu da zarensa. Bai san Maigida Bawah ba, bai yi kamar ya sani ba. Ya taka keken, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinsa, ya ce ya tsufa, ya ce yana kuka kamar injin niƙa, ya taya shi da kuɗin da ya sa Kawu ya kusa korarsa. Suka yi ta ja har na je na yi wanka na dawo ba su gama ba. Lariya na gefe tana murmushi kamar an yi mata albishir. Da suka daidaita, Hikma ta zo, kuɗi suka fito a hannu, aka sayo goro, muka tauna, aka yi fatiha. Wofa Yaw ne ya ɗauki keken.

An yi wa Kawu aiki a ranar da likita ya sa. Da aka cire bandeji ni ya fara gani, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Suraj, ashe haka ka koma?" Ban ji haushi ba, mara lafiya ne.

Da muka dawo gida ya tsaya a zaure yana duban inda keken yake a da. Ƙafafunsa sun bar rami huɗu a siminti. Ya dube su sosai. Sannan ya ce in raka shi bakin titi, amma kada in riƙe masa hannu. Ya je wurin mai goro, ya sunkuya a kan faranti, ya ture wannan, ya juya wancan, ya ɗaga wani ya duba shi a rana. Da idonsa ya zaɓi fari, babba, marar tabo ko ɗaya.

Muka hau mota har Dichemso. Layi ya miƙe kamar kullum. Kawu bai tsallake kowa ba, ya shiga bayan wani makanike ya tsaya. Da layi ya kawo shi gaban tebur, Lariya ta ɗago da ludayi a hannu, ta ga ubanta tsaye shi kaɗai, yana kallonta cikin ido. Ya ajiye goron a gefen tukunya.

Ya ce, "Goron shaidun Juma'ar nan ne da ba a tauna ba. Netuwok ya dawo daga masallaci."

Lariya, wadda ko ranar da aka haife ta sai da ta ga dama ta yi kuka, ta juya baya tana gyara murfin shito, ta daɗe tana gyara shi. Na ce a ba ni rabin goron tun da ni ma shaida ne, har da yatsa na bayar. Ba ta juyo ba ta ce bawa ba ya cin goron uwargijiyarsa. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta ce wa na bayan Kawu ya matso da kwanonsa.